Yadda ake haɗa ƙaramar motar roba ta kwali, a kuma yi mata kwalliya

Motar da ake nufi a nan ita ce irin wadda ke zuwa a kwali a wargaje, ɓangarori masu yawa maƙale a jikin firam na roba, kai ne za ka yanko su, ka yi musu fenti, ka manna har mota ta tashi. Kamfanonin da suka yi suna wajen yin su akwai Tamiya, Aoshima, Fujimi da Hasegawa na Japan, da Italeri na Italiya, da Revell da AMT. Yawanci ta intanet ake yin odarsu. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1/24 ko 1/25, ma'ana motar gaske ta ninka ƙaramar sau 24 ko 25. Mota mai tsawon mita 4.8 za ta fito santimita 20 ke nan. Tirela kuwa da kanta da bodinta takan kusa santimita 70, don haka ka san inda za ka ajiye ta tun kafin ka saya.

Idan wannan ne karonka na farko, ka fara da ƙaramar mota ta Tamiya, domin kayansu suna shiga juna ba tare da kokawa ba. Manyan motocin Italeri irin su DAF da Scania da Volvo suna da ban sha'awa, amma ɓangarorinsu na da yawa kuma shasinsu kan karkace a hannun wanda bai saba ba.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙar reza mai tsini, sanfefa mai lamba 400, 600, 1000 da 2000, hantsaki, buroshi siriri guda biyu, tsinken sakace, tef ɗin takarda, fentin share fage (wanda ake fara fesawa kafin ainihin fenti), fenti, da gam. Batun gam yana son bayani. Robar waɗannan motoci ana kiranta polistarin, kuma gam ɗinta na musamman narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Sufa gulu yana da amfani wajen manna ƙarfe ko waya, amma kada ya kusanci gilashi, don tururinsa yana barin farin dabbare da ba ya gogewa. Gilashi da fitilu sai farin gam irin na kafintoci, wanda idan ya bushe yake komawa garau.

Mataki na farko, karanta takardar umarnin daga farko har ƙarshe, sannan ka wanke firam ɗin duka da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ka bar su su bushe a inuwa. Maiƙon hannu da na masana'anta suna hana fenti kamawa. Kada ka shanya su a rana ko ka bar kwalin a cikin mota da tsakar rana, zafi yana lanƙwasa robar.

Mataki na biyu shi ne inda nake saɓa wa takardar. Ita da inji take farawa, bodi ya zo a ƙarshe. Ni shawarata ka fara da bodi, saboda fentinsa ne ya fi kowane abu buƙatar lokacin bushewa, kuma shi ne abin da ido ke fara sauka a kai. Wanda ya bar shi sai ƙarshe, ɗoki zai sa ya taɓa shi da ɗanyen fenti ya bar shatin yatsa a rufin mota. Duba jikin bodin a gaban haske, za ka ga wasu siraran layuka da suka bi ta kan kafaɗun motar da gefen rufi. Wannan sawun mahaɗar abin da aka zuba narkakkiyar robar a cikinsa a masana'anta ne, babu shi a motar gaske. Goge shi da sanfefa 600 da ɗan ruwa, ka bi da 1000. Layukan ƙofa da na bonet kuwa so ake su ƙara zurfi, sai ka bi su a hankali da bayan wuƙar reza sau da yawa ba tare da dannawa ba, don kada fenti ya cike su.

Daga nan sai fentin share fage, mai ruwan toka idan motar za ta yi duhu, fari idan ja ce ko rawaya ko fara. Shi ne ke tona duk wani ƙarce da ka tsallake. Ka gyara, ka sake fesawa. Idan za ka yi amfani da fentin gwangwani na kasuwa irin na masu gyaran mota, ka fara gwada shi a kan ragowar firam, domin wasu suna da ƙarfin da ke cin roba ta yamutse. Haka kuma ba a ɗora fenti mai ƙarfin tina a kan fentin mai, na ƙasan zai tattare.

Wajen feshin, ka ɗora bodin a kan wayar hanga da ka lanƙwasa, ka tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna, ka girgiza shi sosai. Ruwan ya zama wanda hannu ke iya jurewa, ba tafasasshe ba. Tsaya nesa da kamar santimita 25, ka fara fesawa kafin hannunka ya iso kan motar, ka saki bayan ya wuce ta. Shafa biyu na farko su zama kamar raɓa, har kana hango launin ƙasa. Jira minti goma sha biyar tsakaninsu. Na uku ne za ka ɗan cika shi har ya yi sheƙi, ka tsaya kafin ya fara zuba. A waje ake wannan aiki, da takunkumi a hanci, nesa da wuta.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗin. A lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, don haka ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, da zarar ka gama kuma ka kife motar da babbar roba mai tsabta. A damina kuwa, ranar da iska ta cika da laima fenti kan fito da farin hazo maimakon sheƙi, gara ka jira ranar da gari ya washe. Sannan ka manta da bodin na tsawon mako guda. Idan ka kai shi hanci ka ji warin fenti, bai gama bushewa ba.

A wannan makon ne za ka haɗa inji, shasi da cikin mota. Kada ka murɗe ɓangare daga firam da hannu. Yanke shi da filaya nesa kaɗan, ka share ragowar da reza. Kowane abu ka gwada shi a mazauninsa kafin gam. Gam mai ruwa-ruwa ba a shafa shi da yawa: haɗa ɓangarorin biyu, ka taɓa bakin buroshi a mahaɗar, zai bi layin da kansa. Inda fenti ko ƙyallin azurfa ya rufe wurin mannawa, kankare shi, don gam ba ya kama su. Bamba da rim masu ƙyalli fiye da kima ana iya jiƙa su a ruwan bilic na wanki har ƙyallin ya fita, a sake musu fentin azurfa mai natsuwa. Kafin gam ɗin ƙafafu ya bushe, ɗora shasin a kan gilashi ka tabbatar tayoyi huɗu duk sun taɓa ƙasa.

Hotunan mannawa da ke zuwa a kwalin, a yanka ɗaya bayan ɗaya, a tsoma a ruwa daƙiƙa goma, a jira har ya fara zamewa daga takardarsa, a tura shi kan bodi, a matse ruwan da auduga. Kan fenti mai sheƙi suke kwanciya da kyau. Bayan kwana ɗaya ko biyu a bi da fenti garau mai kare launi, shi ma a fara da shafa marar nauyi.

Kwalliya ita ce wurin da motar ke zama taka. Wayar tsohon abin sauraron kunne tana yin wayoyin fulogi. Baƙin fenti da aka tsinka sosai, idan aka ɗiga shi a layukan ƙofa da ragar gaba, sai su fito da zurfi. Taya kuma a goge bayanta da sanfefa don ta yi kama da wadda ta taka kwalta.

Wanda ya saba ganin manyan motoci a hanyar Kano zuwa Legas ko ta Maraɗi yana da abin kwaikwayo da babu shi a kwali. Aoshima na yin Toyota Hiace, Tamiya na da Land Cruiser 80, Italeri na da kawunan DAF, duk motocin da muka sani ne a tasha. Za ka iya gina wa babbar mota bodin katako da siraran itatuwan shan askirim, ka yi masa zanen furanni da dawisu da tsinken sakace, ka rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" a goshinta. Rubutun da ya yi wa hannu ƙanƙanta ana buga shi a takardar hotunan mannawa da firinta, sai dai firintar gida ba ta buga fari, don haka a nemi takarda mai farin baya. Buhunan albasa ko na masara ana yin su da ƙyalle marar kauri a cusa auduga, tamfol kuma da takardar goge hannu da aka jiƙa a farin gam da ruwa.

Datti ma da tsarinsa. Jar ƙasa da aka tankaɗe, ko garin alli mai launi, a shafa da busasshen buroshi a bayan tayoyi, ƙasan ƙofofi da bayan mota, inda ƙura ke taruwa a gaskiya. Tsatsa a bakin salansa da kusurwoyin bodi, baƙin mai a gefen tankin gas. Ka ajiye hoton motar gaske a gabanka, ka sa rabin abin da kake jin ya kamata, ka duba daga nesa kafin ka ƙara.

A ƙarshe sai a manna gilashi daga ciki da farin gam, a ɗan buɗa gefen bodin da yatsu a zura shasi ta baya, sannan a sa madubai, waifa, lamba da eriya, tunda su ne masu saurin karyewa. A ajiye motar cikin akwatin gilashi ko na roba garau, nesa da taga, don rana tana kashe launi kuma tana sa hotunan mannawa su yi rawaya.