Kurakuran da sababbin 'yan karta suka fi yi a zubin gefe

Duk wanda ya zauna a teburin karta na gidajen caca, a Las Begas ne ko a Makau, zai ga wasu ƙananan da'irori a gefen inda ake ajiye babban zubi. Waɗannan su ne zubin gefe, waɗanda ba dole ne a yi su ba, kuma na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗa musu ido rufe. Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, kuma ba ina kiran kowa zuwa gare ta ba ne. Magana nake a kan inda aljihun mutum ya fi saurin hujewa.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sayen abin da suke kira inshora a wasan ashirin da ɗaya, wato blakjak. Idan katin mai rabo da ke buɗe ya kasance A, sai a ba ɗan wasa damar ƙara rabin zubinsa a kan cewa katin da ke kife mai darajar goma ne, in ya dace a biya shi biyu a kan ɗaya. Sunan yana sa mutum ya ɗauka kariya ce, alhali sabuwar caca ce mai zaman kanta. A fakiti mai kati 52, guda 16 ne kawai masu darajar goma (10, J, Q da K), kuma kafin wannan biya ya zama adalci, sai sun kai ɗaya cikin uku na katunan da suka rage, abin da ba su kai ba. A teburin da ake haɗa fakiti shida, rabon gidan, wato abin da gidan caca ke ci a lissafi daga kuɗin da aka zuba, ya haura kashi 7 cikin ɗari a inshora, yayin da a babban wasan, ga wanda ya iya, bai wuce kusan rabin kashi ɗaya ba. Kuɗin da na zubar ta wannan ƙofa har yau suna yi mini ciwo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa sai an samu hannu mai kyau ake yi masa inshora. Na ga wani saurayi da K da Q a gabansa, yana turo kuɗin inshora hannu na rawa, wai kada ashirin ɗinsa ya tafi a banza. Haba! Ai katunan biyu da ke gabansa suna cikin goman da yake fatan mai rabo ya riƙe. A fakiti ɗaya, masu darajar goma guda 14 ne suka rage cikin kati 49, don haka a daidai wannan lokaci zubin ya fi muni. Ni dai al'adata ita ce in girgiza kai tun kafin mai rabo ya gama tambaya, ko mene ne a hannuna.

Na biyu shi ne zubin kunnen doki a wasan bakarat, inda ake raba kati ga ɓangare biyu, “ɗan wasa” da “banki”, a yi zubi a kan wanda zai ci. Ana biyan takwas a kan ɗaya, amma kunnen doki bai kai sau ɗaya cikin goma ba, shi ya sa rabon gidan ya zarce kashi 14 cikin ɗari, ga shi kuwa zubi a ɓangaren banki kashi 1.06 ne kacal. Wanda ya ajiye dala 25 a banki, ya ƙara dala 5 a kunnen doki yana cewa ai canji ne, a lissafi babban zubin yana cinye masa kimanin santi 27, ƙaramin kuma santi 72 a kowane zagaye.

Akwai masu zuba kuɗi a kan katunansu biyu za su zo iri ɗaya ba tare da karanta jadawalin biya ba, alhali yana bambanta daga gida zuwa gida. Akwai masu duba allon sakamako su ce kunnen doki ya daɗe bai fito ba, saboda haka lokacinsa ya yi, kuma wannan zato ba shi da tushe. Akwai kuma masu jefa dala ɗaya a kowane zagaye don babbar kyautar da ke haske a saman tebur. Ga waɗannan, abin da nake yi shi ne ware kuɗin babban zubi kaɗai tun daga gida, in bar katin banki a can, in kuma ƙi canza kuɗina zuwa ƙananan kwabban da ake cika da'irorin gefe da su.