Kurakuran da masu shirin CCNA suka fi yi wajen canza saitin rauta da suwic

Assalamu alaikum 'yan uwa masu shirin jarrabawar CCNA 200-301, wato jarrabawar kamfanin Cisco ta harkar netwok. Abin da yake damuna game da yawancin masu koyo da nake zama da su a lab shi ne, mutum ya haddace umarni tas kamar karatun allo, amma ka tambaye shi idan ya danna Enter ina umarnin nan yake zuwa, sai ya yi shiru. To daga nan ne kusan duk matsalar take tasowa.

A na'urorin Cisco masu manhajar IOS, duk abin da ka rubuta a config mode, wato inda ake canza saiti, yana fara aiki nan take, babu jira babu tambayar ka tabbata? Amma a running-config yake zama, wato saitin da ke aiki a yanzu, wanda ke cikin RAM, ita kuwa RAM da zarar wuta ta ɗauke ta manta komai. Wanda na'ura take karantawa idan ta tashi shi ne startup-config, a cikin NVRAM, wadda ba ta mantawa ko wuta ta ɗauke. Akwai wani ofis da na taɓa yi wa aiki, na kwashe wajen awa uku ina raba musu VLAN, wato rukunonin netwok daban-daban a cikin suwic, komai ya hau lafiya lau aka yi ta godiya na tafi gida. Da dare NEPA suka ɗauke, batirin UPS ɗin ma ya mutu kafin a tada janareta, washegari tun ban karya ba waya ta fara shigowa wai firinta ba ta aiki, intanet ma babu. Ban yi copy running-config startup-config ba, shi ke nan. Wallahi na ji nauyin mutanen nan sosai don rabin yini suka yi babu aiki. A jarrabawa ma haka ne, tambayoyin lab za su ce ka ajiye saitinka kafin ka wuce, kuma idan ka danna Next ba a komawa baya, ga shi minti 120 kawai gare ka, kuɗin zama dala 300. Ka saba da shi tun a Packet Tracer, manhajar gwaji ta Cisco, har ya zama hannunka da kansa yake rubutawa. Gajeriyar hanyar ajiyewar, wato sebin, ita ce write memory ko wr, amma ka riƙe doguwar da kyau.

Wani kuma zai ce maka ni fa na yi sebin amma duk da haka rauta ta tashi wayam. Ka sa shi ya buga show version ya duba layin ƙarshe. Idan ya ga configuration register 0x2142, to wani ne ya yi gyaran faswod ɗin da aka manta bai mayar ba, wannan lambar tana ce wa rauta ta tsallake startup-config. Daidai ɗin shi ne 0x2102, ka shiga config mode ka rubuta config-register 0x2102. Wannan yana yawan faruwa da tsofaffin rautocin da ake saya na hannu don yin lab a gida.

Sai juya umarnin copy. Na farko shi ne inda za a ɗauko, na biyu inda za a kai. Mutane da yawa suna ɗauka idan sun ɓata saiti sai su yi copy startup-config running-config komai ya koma yadda yake, a'a ba haka yake ba, haɗe su yake yi. Layin da ke cikin startup zai hau kan irinsa, amma sabon abin da ka ƙara wanda babu shi a can yana nan daram. Idan so kake ka koma tsohon saiti gaba ɗaya, ko dai reload ba tare da sebin ba, ko configure replace nvram:startup-config. Ga wani abu da yake rikita mutane a nan: no shutdown, umarnin kunna intafes (ƙofar da ake sa kebul), ba ya fitowa a matsayin layi a cikin saiti, don haka idan ka kwafo saiti ka zuba wa sabuwar rauta, intafes ɗinta za su zauna a administratively down duk da IP ɗin ya shiga. Na rauta a kashe suke zuwa, na suwic a kunne. Buga show ip interface brief ka gani da idonka, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni tsoro, don shi ne yake kashe netwok ɗin mutane da rana tsaka. Kana da trunk, wato hanya ɗaya da VLAN da yawa suke bi, da ke ɗauke da VLAN 10 da 20 da 99, aka ce ka ƙara VLAN 30. Kai kuma sai ka rubuta switchport trunk allowed vlan 30. Da danna Enter ka goge 10 da 20 da 99, saura 30 kaɗai, don wannan umarnin maye gurbin jerin yake yi gaba ɗaya. Kalma ɗaya ce ta ɓace, add, wato switchport trunk allowed vlan add 30. Idan kuma 99 ɗin nan ita ce wadda kake shiga suwic ɗin da ita ta SSH, wato daga nesa, to ka rufe wa kanka ƙofa, allon zai daskare kawai, sai dai ka ɗauki kebul ɗin konsol ka nufi inda na'urar take, ko da kuwa a wani gari ne. Shi ya sa kafin in taɓa na'urar da ba ta gabana nake buga reload in 10. Idan na yanke kaina, bayan minti 10 za ta tashi da tsohon saiti in sake shiga, idan kuma komai ya tafi daidai sai reload cancel sannan in yi sebin. Amma don Allah a lura, wannan dabarar tana aiki ne kawai idan ba ka yi sebin ɗin kuskuren ba. Masu saurin wr bayan kowane layi, a nan saurin yake cutar da su. Ka canza, ka duba da show interfaces trunk, ka yi ping, sai ka ajiye. Masu na'urorin kamfanin Juniper suna da commit confirmed da ke yi musu wannan aikin, saiti ba ya hawa ma sai an yi commit, to kar wanda ya saba da can ya zo IOS yana jiran a tambaye shi.

ACL, wato jerin dokokin wa zai wuce wa za a hana, ita ma tana da nata tarkon. A ƙarshen kowace akwai deny da ba a gani, ka rubuta deny ɗaya don ka hana kwamfuta guda, ka manta permit a ƙasa, ka hana kowa da kowa ke nan. Tana karantawa daga sama zuwa ƙasa kuma layin farko da ya dace shi ne hukunci. Sannan wildcard ake sakawa, wato juyayyen subnet mask, 0.0.0.255, ba 255.255.255.0 ba, wannan kam ko waɗanda suka daɗe hannunsu yana zamewa. Mafi muni shi ne ka ce za ka cire layi ɗaya da no access-list 101 permit kaza kaza, duk ACL 101 ɗin ce za ta tafi. Ka shiga ta ip access-list extended 101, ka duba lambobin layi da do show access-lists, sai ka ce no 20 ko duk wanda kake son cirewa.

Akwai ƙananan da zan ambata a gurguje. Ka yi erase startup-config a suwic ka yi reload amma VLAN suna nan, saboda a fayil ɗin vlan.dat suke cikin flash, sai ka yi delete flash:vlan.dat. Ka canza router-id na OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi, ka ga bai canza ba, yana jiran clear ip ospf process ne, kuma ka sani haɗin da rautoci maƙwabta zai faɗi na ɗan lokaci kafin ya dawo. SSH ya ƙi tashi, yawanci ba a sa hostname da ip domain-name ba kafin crypto key generate rsa, ko an sa login local alhali ba a ƙirƙiri username ba.

Na ƙarshe, ka riƙa kallon abin da ke gaban alamar # kafin ka rubuta. Ina zaune kusa da wani ɗalibi kwanaki, yana ta mamakin me ya sa IP ɗin intafes g0/0 ya ɓace, ashe bai fita daga g0/0 ba ya rubuta adireshin g0/1, sabon ya hau kan tsohon. Allon (config-if)# kawai yake nunawa, ba ya faɗa maka wace intafes ce. Idan ka yi shakka sake buga interface g0/1 ɗin, daƙiƙa biyu ce, sannan do show running-config interface g0/1 a na'urar gaske don ka ga abin da ya shiga.