Yadda ake fara tara sulallan zinariya da azurfa, da yadda ake saye da sayar da su

Kowane sulai na zinariya ko azurfa yana da daraja iri biyu: darajar ƙarfen da ke jikinsa, wadda ma'auni ke nunawa, da darajar ƙarancinsa da tarihinsa, wadda sai mai ido ke ganewa. Yawancin asarar da sababbin shiga ke yi tana faruwa ne saboda sun biya kuɗin daraja ta biyu alhali ta farkon kaɗai suka samu. Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya kan nauyi da tsarkin ƙarfe har sai idonsa ya buɗe.

Mataki na farko shi ne mutum ya zaɓi fanni guda ya tsaya a kai. A ƙasar Hausa babu fannin da ya fi sauƙin farawa kamar kuɗin azurfa na zamanin Turawa, domin har yanzu ana samun su a adakar tsofaffi da wurin maƙeran farfaru da masu sayar da kayan tarihi a tsofaffin kasuwanni irin Kurmi ta Kano. A shekarar 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, daga 1913 kuma aka fara buga sule da fataka, wato sule biyu, da sisi da taro da hoton Sarki George na Biyar na Ingila. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai tsarkin kashi 92.5 cikin ɗari, amma a 1920, da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, sai aka rage ta, daga baya aka koma buga su da wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa wanda babu azurfa a cikinsa. Ashe ke nan shekarar da ke jikin sule ita ce abin dubawa kafin komai. Kwabo da anini masu huji a tsakiya suna da daɗin ajiyewa, amma ba azurfa ba ne, kada a saye su da farashinta.

Mataki na biyu shi ne sayen kayan aiki kafin sayen sulai ko guda. Ana buƙatar ƙaramin ma'aunin lantarki mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da abin auna faɗi da kauri, da gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da maganaɗisu mai ƙarfi, da kuma littafin rubutu. Daga nan sai a haddace alƙaluman sulallan da ake nema. Sulen azurfa na 1913 nauyinsa giram 5.66 ne, fataka kuwa 11.31. Fam na zinariya na Ingila, wanda aka fara bugawa a siffarsa ta yanzu a 1817, nauyinsa giram 7.98 ne, karat 22, kuma zallar zinariyar da ke cikinsa giram 7.32 ce. Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 1967, nauyinsa giram 33.93, yana ɗauke da oza guda ta zinariya, wato giram 31.1.

Mataki na uku shi ne gwaji, kuma nan ne ya kamata a yi haƙuri a daɗe. A fara da maganaɗisu: zinariya da azurfa ba sa manne masa, don haka duk sulan da ya manne jabu ne, amma wanda bai manne ba bai tsira ba tukuna, domin tagulla da darma su ma ba sa mannewa. Sai a ɗora shi a ma'auni, sannan a auna faɗinsa da kaurinsa, kuma dole ne ukun su dace da juna. Dalili kuwa shi ne zinariya ta fi kusan dukkan ƙarafa nauyi, don haka mai jabu da ya yi amfani da ƙarfe mara nauyi sai dai ya ƙara kauri don nauyi ya cika, ko ya bar kaurin daidai nauyi ya gaza. Tsohon sulan da ya sha hannu zai iya raguwa kaɗan, amma ba ya ƙaruwa. Bayan haka a ɗora shi a kan yatsa a ɗan ƙwanƙwasa gefensa da wani sulai a hankali: azurfar gaske tana yin amo siriri mai tsawo, jabu kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu nan take. A ƙarshe a duba da gilashi, a nemi ƙananan ƙuraje ko layin haɗi a gefe, waɗanda ke nuna zuba shi aka yi a mazubi, ba buga shi aka yi ba. Akwai jabun zinariya da ake yi da ƙarfen tangistin, wanda nauyinsa ya yi kusa ƙwarai da nata, shi ya sa duk sulan zinariya mai tsada ya kamata a kai shi wurin mai na'urar gwaji kafin a biya. Kada a yarda a goga shi a dutse ko a ɗiga masa ruwan gwaji kamar yadda ake yi wa sarƙa, domin tabon ba ya fita.

Dole in ja hankali kan liyari, wato babban sulan azurfa mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wanda fatake suka yi ciniki da shi daga Borno har Habasha da Yaman. Kusan duk wanda za ka gani yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana da Landan da Rum da Bombai da wasu birane har cikin ƙarni na ashirin. Idan dillali ya ce maka ya haura shekara ɗari biyu don haka kuɗinsa ya ninka, ka sani shekarar ba hujja ba ce. Nauyinsa giram 28.07 ne, azurfarsa kashi 83.3 cikin ɗari, a kan wannan za a yi ciniki. Da yawa daga cikin na wurinmu an huda su ko an liƙa musu zobe don ado, irin waɗannan kuwa darajarsu ta ƙarfe ce kawai, ko da yake ni ina ajiye su saboda sun nuna wuyan da suka rataya.

Mataki na huɗu shi ne lissafi kafin tayi. A duba farashin oza na ranar a kasuwar Landan, a raba shi da 31.1 don a sami farashin giram, a ninka da zallar ƙarfen da ke cikin sulan, sannan a mayar da shi naira ko sefa. Abin da mai sayarwa ya ɗora a kan wannan shi ne ribarsa, kuma a kansa ake ciniki. A karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat. A kuma tuna cewa a shari'a cinikin zinariya da azurfa hannu da hannu ake yin sa, ba a yin sa bashi, musayar zinariya da zinariya kuwa sai nauyi ya yi daidai.

Mataki na biyar, ajiya, ya ginu ne kan hani guda: kada a wanke sulai. Fatakar farko da na gada daga kakata na goge ta da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli, da na duba da gilashi sai na ga fuskarta ta cika da ƙananan zane, kuma duhun nan mai kyau da shekaru suka shimfiɗa mata ya tafi ke nan. Har yau ina jin zafin abin. A riƙe sulai ta gefensa, a sa kowane a gidansa na roba mai tauri ko takarda, kada a zuba su tare a gwangwani suna gugar juna, a kuma nisanta su da laima da ledar nan mai laushi da ke barin kore a jikin ƙarfe. A rubuta ranar saye da farashi da nauyi a littafi, kuma kada a yawaita faɗa wa mutane abin da aka ajiye a gida.

Idan lokacin sayarwa ya zo, a ji tayin mutum uku kafin a sallama, a kuma ware sulallai masu kyan jiki daga waɗanda suka sha hannu, domin maƙeri narkarwa zai yi, kuɗin nauyi kawai zai biya, mai tarawa ne ke biyan kuɗin kyau. Littafin nan na rubutu shi zai taimaka wajen zakka: nisabin zinariya dinari 20 ne, wato kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, kuma idan shekara ta zagayo a kansu ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Fam goma sha biyu na zinariya sun riga sun haura nisabi.