Kafin ku sayi faifan fim bugu na musamman

Jama'a, faifan za ku fara dubawa kafin kwalin. Sau da yawa wanda ke cikin akwatin ƙarfe mai zane shi ne dai na bugun da aka saba, kuɗin ado kawai za ku ƙara. Tsadar na biyan kanta idan an sake ɗauko hoton daga ainihin zaren fim ɗin zuwa 4K (hoto mai kaifi sosai), ko an dawo da sassan da aka yanke. Galibi ana rubutawa a bayan kwalin.

Sai yanki. Faifan Blu-ray ya kasu A, B da C bisa yankunan duniya, na'urar B ba ta kunna faifan da aka kulle wa A. Faifan 4K ba shi da wannan kullen, amma na'urarsa daban ce, kuma in talabijin ba ta da HDR (fasahar fito da haske da launi sosai), bambancinsa da Blu-ray da aka saba kaɗan ne.