Yadda na kashe ƙarar taimin cen a Corolla ta 2005

Da sanyin safiya a Gombe, ina tayar da motar sai inji ya yi ƙarar "kar-kar-kar" na ɗan lokaci, sannan ya lafa. An ce sai an sauke inji. Ban yarda ba, domin injin motar, samfurin 1ZZ, sarƙa gare shi, wato taimin cen, mai daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, kuma ba ta saurin lalacewa.

Na haska tocila bayan injin, na ga baƙin mai yana tsattsafowa ta tenshina, abin da ke ɗame sarƙar. Noti biyu ne, sifana lamba 10. Na sa sabon tenshina, ƙugiyar da ke hana shi miƙewa tana maƙale, na juya fulin kiransha, wato babban fulin ƙasan inji, baya kaɗan har ƙugiyar ta saki, sannan gaba. Wannan matakin kada ka tsallake shi, sarƙa na iya tsallake haƙori. Na canza baƙin mai da filta, ƙarar ta ɗauke.