Yadda na gyara tabon tawada a jikin ƙaramin tarago

Na haɗa ƙaramin taragon jirgin ƙasa na roba, mai sikelin 1:87, wato tarago na ainihi ya ninka shi sau 87 a tsawo, ina so ya yi kamar ya sha ƙura da hayaƙi. Sai na sirka baƙar tawada da ruwa na shafa. Da ta bushe ta bar zobe-zobe, kamar sawun kofin shayi a tebur. Ashe ruwa ba ya bazuwa a kan roba, dunƙulewa yake yi.

Na goge da auduga da sifirit na kemis, na sake haɗi: ɗigo 2 na tawada cikin cokali 3 na sifirit. Nan take ta bi tsagogi ta kwanta gefen ƙusoshi. Sai dai sifirit ɗin ya sa banish mara sheƙi (fenti mara launi da ke kare saman abu) da na fesa wa taragon tun farko ya yi fari-fari. Raina ya ɓaci, amma da na sake fesa banish sau ɗaya, farin ya ɓace.