Kurakuran da aka fi yi wajen kama otal a Paris da cin moriyar katin mamba

A cikin wata biyun da suka wuce mutum uku sun kira ni daga Paris, kowannensu yana tsaye a gaban teburin karɓar baƙi na wani otal, ransa a ɓace, yana tambayata dalilin da ya sa katin mamban da na ba shi shawarar ya buɗe bai tsinana masa komai ba. Da na bi diddigi sai na tarar dukansu kuskure ɗaya suka yi, kuma shi ne wanda ni ma na taɓa yi har ya ci mini kuɗi da kwanciyar hankali. Aikina yana kai ni birnin sau uku ko huɗu a shekara, kuma na gaji da maimaita bayani ɗaya a waya bayan aikin gama ya riga ya gama, shi ya sa na ga gara in rubuta shi tun kafin wani ya sake faɗawa.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Manyan kamfanonin otal masu rassa a ƙasashe, irin su Accor mai ibis da Novotel da Mercure da Sofitel, ko Marriott mai Sheraton da Courtyard da Westin, ko Hilton, ko IHG mai Holiday Inn da Crowne Plaza, kowanne yana da rajistar mambobi wadda ake shiga kyauta. Abu biyu suke ƙirga wa mutum: makin da yake samu gwargwadon kuɗin da ya kashe, da yawan dararen da ya kwana a shekara, waɗanda su ne ke ɗaga masa matsayi. A Marriott dare 10 ne matakin farko, sai 25, sai 50 inda ake fara ganin alfarma ta gaske, kamar barin ɗaki da ƙarfe huɗu na yamma. A Accor matakan su ne dare 10 da 30 da 60.

Kuskure mafi girma shi ne kama ɗaki ta hannun dillalan intanet, sannan a zo otal ana sa ran alfarmar mamba. A wani watan Nuwamba na raka mahaifiyata ganin likita, kuma da yake kuɗin asibiti ya riga ya taɓa mana aljihu, sai na kama ɗakuna biyu na kwana shida a wani shafin dillalai, saboda ragin da bai kai Yuro 15 a kowane dare ba. Otal ɗin reshe ne na kamfanin da nake da matsayi a cikinsa, don haka na ɗauka da zarar na miƙa lambata komai zai daidaita. Jirginmu ya tashi daga Abuja da daddare ya sauka da asuba, ƙarfe takwas na safe muna zauren otal da jakunkunanmu. Matashiyar da ke teburin ta duba kwamfuta, ta gaya mini cikin ladabi cewa ba ta hannunsu aka kama ɗakunan ba, don haka na'urarsu ba za ta karɓi lambar ba: babu shiga da wuri, babu karin kumallo kyauta, kuma ba za a ƙirga mini ko dare ɗaya ba. Hajiya ta zauna a kujerar zauren ta lulluɓa da mayafi a kan rigar sanyi, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman jirgi, tana jan carbi, har ƙarfe uku na rana. Duk lokacin da na koma wajen teburin na dawo hannu rabbana sai ta ce, “Kada ka damu, ɗan nan, ai mun iso lafiya.” Wannan haƙurin nata ya fi mini ciwo fiye da a ce faɗa ta yi mini. Bayan haka muka riƙa biyan karin kumallo kullum da kuɗin da ya zarce ragin da na bi, kuma a ƙarshen shekara dararen nan shida su ne suka hana ni riƙe matsayina.

Ban ga laifin ma'aikaciyar ba, domin doka ce a rubuce a sharuɗɗan kusan dukan kamfanonin nan. Idan dillali ya kawo baƙo, otal yana biyansa la'ada, saboda haka suke keɓe maki da alfarma ga wanda ya zo musu kai tsaye. Abin da nake yi yanzu shi ne in duba shafukan dillalai don sanin farashin kasuwa kawai, sannan in shiga manhajar kamfanin da sunana in kama a can, inda sau da yawa farashin mambobi yakan ɗan yi ƙasa da na sauran jama'a. Idan kuma na ga dillali ya fi araha a kan ɗaki ɗaya da sharuɗɗa iri ɗaya, Marriott da Hilton suna da alkawarin daidaita farashi ga wanda ya kawo shaida cikin awa 24 da kama ɗakin. Wanda ofishinsa ko wakilin tafiye-tafiye ke kama masa ɗaki, ya tambaya ta wace hanya aka bi, kuma ya tabbatar lambarsa tana jikin takardar tun yana gida. Gaskiya ko da matsayi, shiga da wuri ya danganta ne da samun ɗakin da aka gyara, ba haƙƙi ba ne da za a buga tebur a kansa. Don haka idan ina tare da dattijo ko mara lafiya kuma jirgi da asuba zai sauka, daren da ya gabata nake haɗawa in biya, sannan in aika wa otal saƙo cewa sai da safe za mu iso. Wannan saƙon wajibi ne, domin idan ba su ji daga gare ka ba za su ɗauka ba ka zo ba, suna iya soke dukan kwanakin.

Akwai ƙanin wannan kuskure da ya shafi masu neman biza. Ofishin jakadanci yana buƙatar shaidar masauki, kuma farashin da ba a mayar da kuɗinsa shi ne ya fi jan ido saboda araharsa. Kada ka biya irinsa kafin fasfonka ya dawo hannunka. Kuɗin bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da ita, kaɗai ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Babu hikima a ɗora masa kuɗin kwana bakwai. Ka kama wanda ake iya sokewa, ka rubuta ranar ƙarshe ta sokewar a inda za ka gani, idan biza ta fito ka sake duba farashi.

Kuskure na biyu da na sha wahalarsa shi ne barin kati ya zaɓa wa mutum unguwa. Wata shekara saura mini dare huɗu in haye mataki, sai na ga reshen kamfanina mai sauƙin kuɗi da kalmar Paris a cikin sunansa, na kama ba tare da na buɗe taswira ba. Ashe yana wajen birni, nesa da tashar jirgin ƙasa, sai an hau bas tukuna. Kullum ina kashe kusan awa ɗaya zuwa wurin taro da awa ɗaya dawowa, ranar da muka yi dare kuwa tasi na ɗauka, kuɗinta ya haɗiye duk abin da na ce na rage. A nan ne nake jin haushin masu tafiya da yawa, domin binciken bai kai minti ɗaya ba kuma ba sa yi. Birnin Paris gundumomi 20 ne, kuma lambar gidan waya ta kowanne adireshi a cikinsa tana farawa da 75, lambobi biyun ƙarshe su nuna gundumar: 75005 ita ce ta biyar, inda Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926 yake, 75018 kuma ita ce ta sha takwas, inda kasuwar Château Rouge take da shagunan kayan abincin Afirka da mahautan halal. Idan ka ga lambar ta fara da 92 ko 93 ko 94, to ka fita bayan babban titin da ya zagaye birnin, ko da sunan otal ɗin ya ambaci Paris sau biyu. Wanda sunansa ya ƙunshi Roissy ko CDG kuwa yana wajen filin jirgin Charles de Gaulle ne, kimanin kilomita 25 daga tsakiyar gari, kuma amfaninsa daren ƙarshe ne ga mai jirgin sassafe. Ba ina cewa duk abin da ke waje ba shi da kyau ba. La Défense a 92 take, amma layin metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) na 1 da jirgin ƙasa na RER A suna shiga gari daga can kai tsaye, kuma da yake unguwar ofisoshi ce, ɗakunanta sukan yi sauƙi a ƙarshen mako. Abin da nake cewa shi ne ka fara sanin inda aikinka ko asibitinka yake, ka ga layin da ke zuwa can, sannan ka nemi reshen kamfaninka a kan wannan layin, kusa da tasha yadda za ka iya jan akwati da ƙafa. Idan babu, ka bar makin wannan tafiyar ya wuce.

Daga nan sai zaɓen kamfanin kansa. Na ga mutane masu rajista huɗu, kowacce da dare uku ko biyar, babu wadda ta kai su ko'ina. Ra'ayina shi ne wanda Paris ce mazaunin tafiyarsa kuma kuɗinsa matsakaici ne, ya riƙe Accor, domin kamfanin Faransa ne kuma da wuya ka sami gundumar da babu ibis ko Mercure a cikinta. Wanda kuma aiki ke yawan kwanar da shi a Transcorp Hilton na Abuja ko Marriott na Ikeja, dararensa na gida suna shiga lissafi ɗaya da na Turai, don haka ya tsaya a inda ya riga ya tara. A Hilton matsayin Gold yana ba da karin kumallo na mutum biyu a yawancin rassansu na Turai, kuma a birni irin Paris wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Wanda ba ya kwana dare 10 a otal a shekara, ya buɗe rajista saboda farashin mambobi, amma kada ya wahalar da kansa da neman matsayi.

Wajen kashe maki ma ana asara. Na Accor darajarsu a tsaye take, maki 2,000 Yuro 40 ne a kowane lokaci. Marriott kuwa ya daina amfani da tsayayyen jadawali tun 2022, Hilton ma ya riga shi, don haka makin da ake nema don biyan ɗaki yana hawa da sauka tare da kasuwa. Ni ba na taɓa nawa sai na kwatanta da farashin kuɗi na ranar, kuma nakan ajiye su don zaman kwana biyar, saboda a Marriott dare ɗaya cikin biyar kyauta ne ga mai biya da maki, haka ma a Hilton ga mai matsayi. Ka lura da kalandar birnin: lokacin gasar tanis ta Roland-Garros a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, da makon nunin tufafi a ƙarshen Satumba, ɗakuna suna tsada kuma babu wanda zai ɗaga ka zuwa babban ɗaki a otal ɗin da ya cika. Makin Accor yana mutuwa idan shekara ta cika ba ka sake kwana ba, na Marriott da Hilton kuma bayan wata 24 ba motsi a asusun.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rana. Akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baligi a kowane dare, ko da da maki ka biya. An ƙara shi sosai a Janairun 2024, har ya haura Yuro 8 a otal mai taurari huɗu. Otal yakan riƙe wani kuɗi a katinka na banki a matsayin jingina, kuma idan katin cirar kuɗi ne sakinsa yana iya ɗaukar kwanaki, don haka kada ka miƙa wanda guzurinka duka ke ciki. Idan na'urar biya ta tambaye ka kuɗin da za a cira, ka zaɓi Yuro, domin canjin da take bayarwa da dala ya fi tsada. Ɗakunan Paris ƙanana ne kuma ba a yarda a wuce adadin mutanen da aka rubuta wa ɗaki ba, saboda haka mai iyali ya rubuta yaransa duka tun farko. Novotel yana barin yara biyu 'yan ƙasa da shekara 16 su kwana a ɗakin iyayensu. Ba kowane otal ke da na'urar sanyaya ɗaki ba, mai zuwa a Yuli ya duba. A teburin karin kumallo, abin da aka rubuta wa jambon ko lardons naman alade ne, kuma ni nakan tambaya ko da ƙwai ne, don wani lokaci ana haɗa su. Banɗakinsu ba shi da abin tsarki, sau da yawa ma masai daban yake da wurin wanka, shi ya sa ƙaramar buta ba ta barin akwatina.

Ranar tafiya kada ka ajiye makulli ka fice da gaggawa. Ka karɓi takardar lissafi mai ɗauke da sunanka da kwanakin, ka duba ko lambar mambanka tana jiki, ka ɗauki hotonta. Idan mako biyu suka wuce dararen ba su bayyana a manhaja ba, da wannan takardar za ka nemi a saka maka su, kuma kowane kamfani yana da wa'adin da idan ya wuce ba ya sauraron ƙorafin.